Sankarar Jini: Nauyin da Ke Kan Mai Jinya Daga Birnin Lalle Zuwa Yamai

A cikin cututtukan da ke kwantar da samari da ƴan mata a wannan ƙasa tamu, akwai wata wadda ba a cika jin sunanta ba a karkara, domin sau da yawa takan ci ƙarfin mutum tun ba a gane ta ba. Wannan cuta ita ce sankarar jini, wadda wasu ke kira kansar jini, likitocinmu kuma suke ce mata lusemi da Faransanci. Mu da muke aikin rediyo mukan karanta sanarwar neman taimako, inda za ka ji dangi suna roƙon masu zuciyar imani su zo su ba da jini, ko su taimaka da kuɗin mota zuwa Yamai. A bayan kowace irin wannan sanarwa akwai uwar da ta rufe rumfarta ta kasuwa, ko wan da ya bar tebur ɗinsa a hannun yaro, ya shimfiɗa tabarma a harabar asibiti ba tare da ya san ranar komawa gida ba.

Domin waɗannan bayin Allah muka shirya wannan bayani, musamman ƴan uwanmu na Birnin Lalle da kewayen Dakoro cikin jihar Maraɗi, waɗanda ke da nisa da manyan asibitoci. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan jinya abin da mai jinya ya sani yana iya zama dalilin da maras lafiyarsa zai tashi.

Mece ce sankarar jini?

Jinin ɗan Adam a cikin ɓargo ake ƙera shi, wato wannan abu mai laushi da ke cikin ƙashi. Ɓargo yana fitar da ƙwayoyi iri 3. Akwai jajaye, masu kai iska ko'ina a jiki, waɗanda kowace takan yi kamar kwana 120 tana aiki kafin a sake ta. Akwai farare, su ne dakarun da ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Sai kuma wasu ƙanana da likitoci ke kira plaket, waɗanda aikinsu shi ne tsayar da jini idan mutum ya yanke, su kuma ba su wuce kwana 10 a jiki.

Idan sankara ta kama ɓargo, sai ya shiga zubo fararen ƙwayoyi marasa kan gado, waɗanda ba su nuna ba, ba su kuma iya aikin komai, har su cika wurin su hana na kirki fitowa. Kamar dai a ce ƙuduji ya mamaye gonar hatsi: gona ga ta cike, amma babu abin kai wa rumbu. Wani likitan Jamus mai suna Rudolf Virchow ne ya raɗa wa cutar suna a shekarar 1847, kuma ma'anar sunan ita ce farin jini, saboda yadda ya ga fararen ƙwayoyi sun rinjayi jinin maras lafiya.

Cutar iri-iri ce, amma abin da ya kamata mai jinya ya riƙe shi ne akwai mai gaggawa, akwai kuma mai tafiyar hawainiya. Mai gaggawa tana iya kwantar da ƙato cikin ƴan makonni, kuma ita ce ke sa a kwana asibiti wata da watanni. Mai tafiyar hawainiya kuwa mutum na iya yin shekara yana yawo da ita, sai dai a ga saifarsa ta kumbura, cikinsa ya yi tauri ta gefen hagu. Maganinsu ba ɗaya ba ne, don haka tambaya ta farko da za ku yi wa likita ita ce wace iri ce ta kama ɗanku.

Haka nan ya kamata kowa ya sani cewa ba a ɗaukar wannan cuta ta hanyar cin abinci tare, ko gaisawa, ko kwana ɗaki ɗaya. A mafi yawan lokuta ba gado ba ce kamar sikila, kuma yawancin waɗanda ta kama ba a san dalili ba. Amma masana sun tabbatar da cewa taba sigari da wani sinadari mai suna benzin, wanda ke cikin man fetur, suna ƙara haɗarin kamuwa da ita. Saboda haka samarinmu masu sana'ar ruwa-ruwa a bakin hanya, waɗanda ke zuƙo mai da baki ta mesa ko suke wanke hannu da shi, sai su yi hattara.

Alamomin da ake ɗauka masassara ce

Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne yadda wannan cuta ke shigowa da rigar wasu cututtuka. Matashi zai fara da kasala, ya ɗashe, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari, zazzaɓi ya riƙa tafiya yana dawowa. Sai a ce masassarar cizon sauro ce, a sha magani, bayan mako guda a ce taifot ce, a sake sayen wani. Idan ƙasusuwa suka fara ciwo sai a ce sanyi ne ko sikila. Daga nan sai haɓo, dasashi ya riƙa zubar da jini wajen asuwaki, fata ta fito da tabo-tabo kamar an doke shi alhali ba wanda ya taɓa shi, kaluluwa ta fito a wuya ko hammata. Ga mace kuma jinin al'ada yakan yi yawa ya ƙi tsayawa. A daidai nan ne wasu ke cewa jifa ce ko sammu, sai a bar hanyar asibiti.

To jama'a, duk matashin da aka yi wa maganin masassara sau 2 bai tashi ba, ga ɗashewa, ga zubar jini, a nemi a yi masa awon ƙidayar ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke rubutawa NFS a takarda. Awo ne mai sauƙi, kuma shi ne ke fara nuna cewa akwai matsala a ɓargo.

Kafin a kai ga wannan awo, akwai abubuwan da bai kamata a yi ba ko kusa. Kada a kai shi wurin wanzami a yi masa ƙaho, ko tsaga, ko cire belu, domin wanda plaket ɗinsa suka yi ƙasa jininsa ba ya tsayawa, kuma ƙaramin rauni na iya zama ajalinsa. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diklofenak, su ma suna ƙara zubar jini. Sannan a guji ƙwayar nan da ake kira deksa, wadda masu tallar magani ke sayarwa a kasuwa, wasu mata ma suna shan ta don ƙiba. Wannan ƙwaya tana kwantar da wata irin sankarar jini na ɗan lokaci, sai dangi su ga kamar an samu sauƙi, idan an je awo kuma ta rikita sakamakon, daga baya cutar ta dawo da ƙarfinta.

Doguwar hanya

Mutumin Birnin Lalle yakan fara ne daga CSI, daga nan a tura shi asibitin gunduma na Dakoro. Idan abin ya fi ƙarfinsu sai Maraɗi, tafiyar kilomita 120 da ɗoriya, inda akwai babban asibitin jiha da kuma Asibitin Referans. Amma sashen da ya daɗe yana kula da sankarar jini yana Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, kuma daga Maraɗi zuwa can kimanin kilomita 660 ne, ta Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Wasu iyalai kuma sukan tsallaka iyaka ta Ɗan Isa su nufi Katsina ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, musamman waɗanda ke da abokan ciniki a can.

A Yamai akwai kuma Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Sankara, wadda aka buɗe sashenta na gashin sankara da na'ura a watan Maris na shekarar 2021, tare da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Sai dai ita sankarar jini, tun da a cikin jini da ɓargo take yawo, babban maganinta shi ne wanda ake sa wa ta jijiya ko ake haɗiya, wato abin da ake kira shimiyo.

Duk inda za ku, kada ku tashi ba tare da takardar turawa daga likitan da ya fara duba shi ba, da dukkan sakamakon awon da aka yi. A sa su cikin leda guda, a kuma ɗauki hotonsu a salula. Wanda ya isa Yamai hannu rabbana, sai an sake masa awo daga farko, ga asarar kuɗi ga asarar kwanaki. A can za a ɗebi ɗan ɓargo da allura daga ƙashin ƙirji ko na ƙugu domin a tabbatar da irin cutar. Mutane da yawa suna jin tsoron wannan awo, har wasu su ce shi ke ƙarasa mutum. Ba haka ba ne. Ana kashe zafin wurin da allura, aikin ba ya wuce ƴan mintoci, kuma idan babu shi likita zai yi magani ne a cikin duhu.

Makonnin farko a gadon asibiti

Ga mai sankara ta gaggawa, zangon farko na shimiyo yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 a kwance. Ya kamata mai jinya ya san wani abu tun da wuri domin kada hankalinsa ya tashi: maras lafiya zai ƙara jin jiki kafin ya samu sauƙi. Dalili kuwa shi ne maganin yana share ƙwayoyin banza tare da na kirki, sai bayan haka ɓargo ya fara sabon zubi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa magani, fararen ƙwayoyi sukan yi ƙasa ƙwarai, jiki ya zama kamar gidan da ba shi da danga. Za a ga amai, gyambon baki, rashin cin abinci, bayan mako 2 ko 3 kuma gashi ya fara zuba. Duk wannan aikin magani ne, kuma gashi yana dawowa idan an gama.

A wannan lokaci babu abin da ya kai zazzaɓi haɗari. Mai jinya ya sayi ma'aunin zafin jiki, ya koyi karanta shi, ya riƙa aunawa safe da yamma. Da zarar ya kai 38, ko maras lafiya ya fara kakkarwa, a kira ma'aikatan jinya nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce bari gari ya waye, kada kuma a ba shi parasetamol a ɓoye don zafin ya sauka, domin ƙwayar cutar da mai lafiya zai kwana da ita lafiya lau tana iya kashe mai shimiyo cikin sa'o'i kaɗan.

Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi ko abincinsa ya zama dole ga kowa. Ya kwana cikin gidan sauro. Idan iskar hunturu ta taso da ƙura, ya sa takunkumi. Wajen wanke baki a ajiye asuwaki mai tauri, a yi amfani da buroshi mai laushi ko auduga, a riƙa kurkure baki da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri.

Maganar abinci kuwa, a nan ne mata ƴan kasuwa za su nuna gwanintarsu. Abinci ya zama dafaffe, mai zafi, wanda bai kwana ba. Fura da ɗanyen nonon da ba a tafasa ba, da salak, da tsire ko kilishin da ya wuni a buɗe, duk a dakata da su sai likita ya ba da izini. Kunu, shinkafa mai laushi, romon nama, dafaffen ƙwai, wake da ya nuna sosai, ayaba ko lemo da aka wanke aka ɓare, waɗannan su ne abokan tafiya. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa, ba tare da faɗa ko tilastawa ba. Ruwan sha a tafasa shi. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da masoya za su kawo, a nuna wa likita tukuna, domin hanta da ƙoda suna cikin aiki mai nauyi, wani saiwar kuma na iya ƙara musu wahala. Addu'a kuwa babu mai hana ta, malamanmu ma kullum suna karantar da mu cewa neman magani ba ya rage tawakkali.

Sai wata magana mai ɗan nauyi, wato dubiya. Mu Hausawa idan aka ce wane yana asibiti, mota guda ake cikawa a je gaishe shi, kuma wannan zumunci ne abin yabo. Amma a wannan jinya, mutum 15 a kan gado ɗaya, wani da mura wani da tari, illa ce babba. Mai jinya ya daure ya zama mai tsaron ƙofa, ko da za a ce ya cika tsanani. Wanda ke son gaisuwa ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp, kuɗin motar da zai kashe kuma ya turo a sayi magani.

Jini ba a sayensa a kanti

Mai sankarar jini yakan buƙaci ƙarin jini sau da yawa, wani lokaci kowane mako. Babu masana'antar da ke ƙera jini, sai abin da mutane suka bayar. A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Ƙarin Jini, a Maraɗi ma akwai ta jiha, amma kowa ya san yadda jini ke yin ƙaranci da damina, lokacin da masassara ke kwantar da yara, ga kuma mata masu haihuwa. Jajayen ƙwayoyi ana iya ajiye su sama da wata guda a cikin sanyi, plaket kuwa kwana 5 kawai suke yi, shi ya sa samunsu ya fi wuya.

Saboda haka tun ranar da aka tabbatar da cutar, dangi su fara rubuta sunayen waɗanda za su iya bayarwa: ƴan uwa, abokan fada, ƴan kabu-kabu, ƴan garinmu mazauna Yamai. Mai shekara 18 zuwa sama, mai lafiya, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki yana mayar da shi. Namiji na iya sake bayarwa bayan wata 3, mace bayan wata 4. Zancen da ake yi cewa ba da jini yana rage ƙarfin namiji ko yana hana haihuwa ba shi da tushe. Kada a kwaso mutanen duka rana ɗaya, a raba su, domin jinyar doguwa ce. Idan likita yana tunanin dashen ɓargo nan gaba, a tambaye shi kafin waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da maras lafiya su bayar.

Maganar kuɗi

Tun shekarun 2005 da 2006 gwamnati ta yafe kuɗin tiyatar haihuwa da na jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma saurayi ko budurwa mai shekara 20 ba ya cikin wannan tsari. A shekarar 2024 kuma an rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocin gwamnati, abin da ya sauƙaƙa wa talaka, sai dai maganin da aka rubuta aka ce a sayo a farmasin waje, da kuɗin mota, da abincin mai jinya, duk suna nan a wuyan iyali.

Ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin cewa wanda ya kai dabba kasuwa da hawaye a idonsa, dillali ne ke yanka masa farashi. Don haka kada a kwashe garke a sayar rana ɗaya, kada kuma a taɓa gona ko uwar kuɗin sana'a sai an zauna an yi shawara. A tambayi likita tun farko zango nawa za a yi, wata nawa zai ɗauka, domin a san yadda za a raba abin da ke hannu. Mutum ɗaya amintacce ya riƙe kuɗi da littafi, duk abin da ya shigo ta Nita ko Al Izza a rubuta, duk abin da ya fita a rubuta, a ajiye rasit. Wannan yana kashe zargi a tsakanin dangi, wanda sau da yawa yakan fi cutar kanta daɗewa. A nemi ofishin kula da marasa ƙarfi da ke cikin asibiti, a kuma nemi takardar shaidar rashin ƙarfi daga ofishin magajin gari tun kafin a bar gida.

Rumfar mai jinya kada a bari ta mutu. Maƙwabciyarta a kasuwa ta riƙe mata, ko a yi karɓa-karɓa a tsakanin ƴan uwa, wannan ta yi mako 2 a asibiti ta dawo, waccan ta tafi. Mai jinyar da ba ta barci, ba ta cin abinci, ita ma gado take nema. Ƙungiyoyin adashe na mata kuma suna iya ware wani asusu na rashin lafiya. Alal misali, mata 40 idan kowace ta zuba dala 20 a kowace ranar kasuwa, jika 4 ke nan a mako, a shekara kuwa jika 208. Ba zai biya jinya duka ba, amma zai kai maras lafiya Yamai a ranar da ya kamata, ba sai an jira an sayar da wake ba.

Zuciyar maras lafiya

Al'adarmu ce a ɓoye wa maras lafiya abin da ke damunsa, a ce masa ƙarancin jini ne kawai. Amma matashi mai shekara 22 ba yaro ba ne. Yana da salula, yana ganin abin da ake rataya masa, yana jin abin da ake faɗa a gadon kusa da shi. Idan ya gane ana ɓoye masa, sai ya daina yarda da kowa, ya kuma ƙulle tsoronsa a ciki shi kaɗai. Ya fi kyau a zauna da shi tare da likita, a gaya masa gaskiya cikin lalama gwargwadon abin da yake son ji, a bar shi ya yi tambayoyinsa da bakinsa.

Abin da ke cin zuciyar matashi ba lallai ne ya zama abin da ke cin ta iyayensa ba. Shi yana tunanin jarrabawar da za ta wuce shi, ko babur ɗin da bai gama biya ba, ko budurwar da ta rage kira. Ita kuma tana tunanin gashinta, da ranar aurenta da aka ɗaga, da ko za ta haihu. A saurare su. Idan ya yi fushi ko ya ƙi magana, kada a ce ya rasa tawakkali, wani lokaci ma magungunan ne ke sauya hali. Maganar haihuwa a yi ta da likita tun kafin a fara magani, domin wasu magungunan suna taɓa ta, ko da yake da yawa sun warke sun kuma haihu. Bai kamata matar aure ta ɗauki ciki a lokacin shimiyo ba, don haka dole mijinta ya san halin da ake ciki.

A nan muna kira ga mazaje da iyayen miji da su ji tsoron Allah. Ba daidai ba ne yarinya tana kwance a mayar da ita gidan ubanta a ce idan ta warke ta dawo. Ranar wuya ake sanin masoyi.

Kada a yanke magani a tsakiya

Bayan zangon farko, da yawa sukan miƙe, su yi ƙiba, likita ya ce ba a ganin cutar a cikin awo. A nan ne iyalai da dama ke yin kuskure, su tattara tabarma su koma gida su ce an warke. Alhali kuwa sauran ƙwayoyin suna nan a laɓe. Wata irin sankarar jini ta gaggawa sai an yi wata 6 ko fiye ana zango-zango, wata kuma sai an yi shekara 2 zuwa 3 ana shan magani ana komawa awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yaran da sankara ta kama suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba, kuma daga cikin dalilan da ta lissafa akwai jinkirin gano cuta da barin magani a tsakiya. A shekarar 2018 ta ƙaddamar da shirin kai wannan adadi kashi 60 nan da 2030. Ga matasa da manya jinyar ta fi ta yara wuya, abin da ke ƙara nuna muhimmancin riƙe ranar komawa asibiti kamar yadda ake riƙe ranar biyan bashi.

Ga masu wata irin ta tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke rubutawa LMC, akwai albishir. Tun shekarar 2001 aka fitar da wata ƙwaya a Amurka mai suna imatinib, ko Glivec, wadda ake sha kullum a gida, kuma mutane da yawa suna rayuwa da ita shekara da shekaru suna sana'arsu. Akwai wata gidauniya mai suna Max, wadda aka kafa a 1997 domin tunawa da wani yaro ɗan ƙasar Ajantina da wannan cuta ta kashe a 1991 yana da shekara 17, kuma ta daɗe tana isar da wannan magani kyauta ga marasa ƙarfi a ƙasashe da dama na Afirka. Duk wanda aka ce masa LMC ce, ya tambayi likitansa hanyar shiga wannan tsari. Sharaɗin dai shi ne kada a daina sha don an ji sauƙi.

Akwai kuma dashen ɓargo, wanda ake zuwa ƙasashe irin su Tunusiya, Maroko, Turkiyya ko Indiya a yi, kuma ɗan uwa shaƙiƙi yana da damar 1 cikin 4 ya dace da maras lafiya. Aiki ne mai cin miliyoyi masu yawa, ba kowane maras lafiya ne yake buƙatarsa ba, don haka a yi hankali da ƴan tsakiya masu alkawarin biza da waraka. Duk shawarar fita waje ta fito daga bakin likitan da ke duba shi.

Idan kuwa aka kai inda likita ya ce magani ya daina aiki, ba abin kunya ba ne a dawo da shi gida cikin danginsa. Amma kada a taho ba tare da maganin kashe zafin ciwo ba, domin haƙƙinsa ne ya samu sauƙi har zuwa lokacin da Allah ya ƙaddara.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumomin lafiya da su kusanto da awo da maganin wannan cuta zuwa Maraɗi, domin tafiyar kusan kilomita 800 ita kanta tana kashe marasa ƙarfi. Muna kira ga sarakuna da limamai na Birnin Lalle da Kornaka da Dakoro da su riƙa faɗakar da jama'a a kan ba da jini, ba sai ranar 14 ga watan Yuni da duniya ta ware domin haka ba. Muna kuma kira ga manyan ƴan kasuwarmu da su tuna da gadajen asibiti lokacin fitar da zakka. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma ya jiƙansu da rahama, amin.